Abin da laka ke ɓoyewa a dam ɗin Wasai

Ruwan kogin Jakara yana ratsa tsohon birnin Kano ɗauke da dattin magudanai da na mayanka. A gaba ya haɗu da rafin Getsi, mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, har da na majemu. Duk wannan a dam ɗin Wasai da ke Minjibir yake yada zango.

Wanda ya auna saman ruwan kawai, bai ga komai ba. Kuromiyam na jima da dalma suna manne wa laka, su kwanta a ƙasa shekara da shekaru. Shi ya sa masu bincike ke shiga kwalekwale da wani ƙarfe mai baki biyu, su sake shi ya cafko taɓo daga ƙasan ruwa. Sai su tace a rariya mai ido rabin milimita, su ƙirga abin da ke motsi.

Idan rariyar ta cika da jajayen tsutsotsi zalla, akwai matsala. Jansu na sinadarin jini ne, irin wanda ke ba su damar rayuwa inda iskar oksijin ta yi ƙaranci. Ƙwarin da ke son tsabtataccen ruwa kuwa tuni sun ɓace. Su kuma dodon-koɗi, idan sun fito a rariyar, wasunsu ne ke yaɗa tsargiya.

Tarwaɗa a wannan lakar take kiwo, masunta kuma kasuwa suke kai ta. Manoman latas da kabeji a bakin Jakara ma da ruwan suke ban ruwa. Ya kamata gwamnatin Kano ta riƙa auna lakar duk rani da damina, ta kuma faɗa wa masunta sakamakon.