Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Sa Fuskar Baba Ke Fitowa Baƙi Ƙirin A Hoto?

  

Wasiƙar da muka zaɓo a wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma mai awon hatsi a wata kasuwar ƙauye ta ƙasar Katsina. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ce bara mahaifiyarsa ta rasu. Duk hotunanta suna cikin wayarsa, sai aka zare wayar daga aljihunsa ran kasuwa. Yanzu ƙananan 'ya'yansa suna tambayar kamannin kakarsu, ba shi da abin nuna musu. Ga mahaifinsa kuma ya haura shekara tamanin, ba ya so hakan ta sake faruwa. To amma duk sanda ya ɗauke shi hoto, sai babbar riga ta fito fes, fuska kuwa baƙi ƙirin, ba a gane ido ba a gane hanci. Shi ne yake tambaya, wai sai ya sayi waya mai tsada ne?

To Malam, da farko Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya sa ta huta. Amsar tambayarka kuma ita ce a'a. Kada ka sayar da buhun gero ko ɗaya saboda wannan. Ba wayarka ce ta gaza ba, haske ne ba ka shirya da shi ba.

Bari in yi maka bayani. Kyamara ba ta da hankali irin na idon mutum. Abin da take yi shi ne ta auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya, ta raba daidai. Idan ta ga farar riga shar tana ƙyalli cikin rana, sai ta ce haske ya yi yawa, ta rage. Da ta rage, rigar ta yi kyau, amma fuskarmu ta baƙar fata sai ta nutse cikin duhu. Balle a ce Baba ya sa hula ko ya naɗa rawani, ga rana tsaka a kansa. Inuwar rawanin kaɗai ta isa ta rufe masa idanu. Haka nan idan rana tana bayansa, ko ya zauna cikin ɗaki ƙofa na bayansa, inuwarsa kawai za ka samu.

Saboda haka ka bar ɗaukar hoto da rana tsaka. Ka bari sai da hantsi kafin rana ta yi zafi, ko bayan la'asar sa'ad da ta yi sanyi. Wurin da na fi so ni dai shi ne bakin zaure. Ka shimfiɗa wa Baba buzunsa ko ka ajiye masa kujera daga ciki kaɗan, yana fuskantar waje, kai kuma ka tsaya daga waje. Rana ba ta dukansa, amma haskenta na shigowa yana wanke masa fuska. Inuwar katanga ma ta yi. Sai dai ka kiyayi gindin darbejiya, ko da yake nan ne majalisar kowa, domin hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganye zai yi masa dabbare-dabbare a fuska kamar mai ƙyasbi.

Kafin ka danna, ka taɓa fuskarsa da yatsa a jikin gilashin wayar. Wannan shi ne ka gaya wa kyamara cewa nan nake so, ki bar rigar. A yawancin wayoyi za ka ga wata 'yar alama kamar rana ta fito, idan ka ja ta sai haske ya ƙaru ko ya ragu. Ka ja har sai ka ga gemunsa da layin goshinsa sosai.

Kada ka raina wannan dabara don ba a kashe ko kwabo. A birnin Bamako na ƙasar Mali an yi wani shahararren mai hoto, Saidu Keita, wanda ya buɗe wurin sana'arsa a 1948. A tsakar gidansa yake ɗaukar mutane da hasken rana, ya rataya zane a bayansu, da farko ma zanen gadonsa ne. Yawanci sau ɗaya yake dannawa, don fim na da tsada. Ya rasu a 2001, amma har yau ana baje hotunansa a manyan biranen duniya, mutane na mamakin yadda fuskokin suka fito kamar za su yi magana. Abin da ya sa aka same su kuwa, mutumin ya adana dodon hotunansa da kyau shekara da shekaru. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Ka goge idon kyamara da gefen riga mai laushi. Wayar da ta wuni a aljihu ɗaya da goro da canji, ga zufa ga ƙurar hunturu, dole hotonta ya yi hazo. Ka riƙe ta da hannu biyu, ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari. Kada ka jawo hoto da yatsu don ya matso, a yawancin wayoyinmu lalata shi kawai yake yi. Allah ya ba ka ƙafa, ka tako. Fitilar waya kuma taku kaɗan take kaiwa, ba ta haska taron biki da dare. Sannan ka duba bayan Baba. Na sha ganin hoton dattijo mai kwarjini, ga igiyar shanya ta ratsa ta bayan kunnensa, ga akuya tana leƙe.

In ka gama da shi shi kaɗai, ka tara masa jikoki. Shi yana zaune a tsakiya, ƙanana a gabansa, manya a tsaye a baya, kowa ya matso. Kai ma ka ɗan rusuna, wayar ta zo daidai fuskarsa, kada ka ɗauke shi daga sama. Ka danna sau biyar ko shida, don ba a rasa mai ƙifta ido. Mu da muka ga zamanin fim mai hoto 36, mai hoto ya zo kan keke ran Salla, a jira mako guda kafin a wanko, sannan a tarar an yanke wa amarya kai, mun san gatan da kuke ciki.

Kuma don Allah kada ka ce masa "Baba tsaya cak". Lokacin da nake koyarwa a firamare na lura ko yaro ka ce ya tsaya a ɗauke shi, sai ya sandare kamar soja. Ka ja shi da hira. Tambaye shi nawa aka sayar da tiyar gero shekarar da ya yi aure. Yana cikin ba ka labari, sai ka danna. Amma fa ka nemi izininsa tukuna. Akwai dattawan da ba sa son hoto, in ya ƙi, ka bar shi. Haka matan gida, kada a ɗauki kowa ba da saninta ba, kada kuma a tura hotonta inda ba ta yarda ba.

Yanzu sai maganar adanawa, wadda ita ce ta cuce ka bara. Waya ba rumbu ba ce. Ana sace ta, tana faɗawa rijiya, memori yana mutuwa ba sallama. Ranar da ka ɗauki hoton, ka tura wa 'yan'uwa biyu ko uku. Idan ta WhatsApp ne, ka sani yana matse hoto ya rage masa kyau, sai ka danna alamar HD da suka ƙaro a 2023, ko ka tura shi a matsayin fayil. Bayan haka, ran da ka shiga birni sayayya, ka zaɓi uku mafi kyau ka kai a wanke maka a takarda. Ka rubuta sunayen mutanen da shekara a bayansu da fensir, don tawadar biro tana iya ratsowa. Ka sa a ambulan cikin akwatin ƙarfe, nesa da danshi da gara. Wanda za ka rataya a bango, kada ya zama inda rana ke bugu, zai koɗe.

Game da mahaifiyarka kuwa, kada ka yanke ƙauna tukuna. Ka bi 'yan'uwa da maƙwabta da suka halarci suna ko biki a gidanku, a duba wayoyinsu. Ka duba katin zaɓenta ko na ɗan ƙasa, in ta je Makka ka nemi fasfonta. Masu wankin hoto suna iya ƙara girman irin waɗannan, ko da ba zai fito tangaran ba.

Ka sake rubuto mana in ka gwada bakin zauren, mu ji yadda ta kaya. Ka gaishe mana da Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.