Wayar da za ta riƙe maka lissafi a hanyar Sabha: me za ka duba kafin ka biya?

 Yau maganar waya za mu yi, amma ba don kira ba. Da yawanmu wayar ce ta zama littafin bashi, ita ce rediyo, ita ce akwatin hotuna. To idan ka shiga shago, mai shago ya jera maka su, wacce za ka ɗauka?

Mu fara da hanyar kanta, don ita ce alƙali. Daga Agadas zuwa Sabha ya haura kilomita 1,500, ta Dirku da Madama da Tummo. A mafi yawan wannan tafiya babu rezo, na Airtel ko Moov ko Zamani, sai an matso garuruwan Libiya sannan Libyana ko Almadar su kama. Ke nan duk abin da wayarka ba za ta iya yi ba sai da intanet, a tsakiyar Tenere ba shi da amfani. Abin da ke cikin cikinta shi ne naka.

Shi ya sa ma'ajiya ce farkon abin dubawa. Za ka ga an rubuta lamba biyu a kwali, misali 2 da 32, ko 4 da 64. Ƙaramar lambar ta saurin aiki ce, babbar ita ce rumbun ajiya. Kuma kada ka zaci giga 32 ɗin nan duk naka ne. Manhajar wayar ta riga ta cinye wani kaso, wani lokaci kusan kashi ɗaya cikin uku, tun ba ka sa komai ba. Ka ce a kunna maka, ka ga abin da ya rage da idonka.

Nawa kake bukata? Sautin minti ɗaya mai kyau yana cin kamar mega ɗaya, wato giga ɗaya zai ɗauki wajen awa 16 na karatun Alƙur'ani ko wa'azi ko waƙa. Hoto ɗaya mega 2 zuwa 4. Bidiyo shi ne kura, shi ke cinye wuri, musamman wanda ake turowa a rukunonin WhatsApp ba ka nema ba. A shekarar 2005 wani kamfanin Amurka mai suna Palm ya fito da wata na'urar aljihu, LifeDrive, mai giga 4, ana sayar da ita dala 499. Yau memorin da ya ninka wannan sau takwas bai kai farcen yatsa ba. Saboda haka wuri ba shi ne matsala ba yanzu. Matsalar ita ce jabu.

Ku saurara da kyau a nan. Akwai memori, wanda wasu ke ce wa kart, da aka rubuta masa giga 64, ka sa a waya ita ma ta nuna 64, alhali ainihinsa bai wuce 8 ba. An yi masa dabara ne ya riƙa faɗin ƙarya. Zai yi ta karɓar kaya ba musu, amma da ya cika ainihin cikinsa, abin da ka ƙara ko dai ya lalace ko ya taka na baya. Ba za ka sani ba sai ranar da ka nemi hoton rasit ko muryar wanda kake bi bashi, ka tarar ba ya buɗewa. Gwajinsa ba wuya: ka cika shi da bidiyo har ya kusa ƙarewa, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. In duk sun yi, to. In mai shago ya ƙi yarda a gwada, ka riƙe dinarinka.

Sai batir. Wutar Sabha kun san halinta, balle a daji. Babbar waya mai shafawa a nemi mai lamba 5,000 a jikin batirinta. Amma sirrin yana wajen riƙo: inda babu rezo, waya takan yi ta neman eriya da ƙarfinta duka, batir ya zube. Ka danna alamar jirgin sama da zarar kun bar gari. Sauti da hoto da lissafi duk za su ci gaba da aiki, har da na'urar nuna wuri ta GPS, don ita daga tauraron ɗan'adam take karɓa, ba ruwanta da sim. Sai dai taswirar dole ka sauke ta tun kana gari. Kuma don Allah a daina ajiye waya a gaban gilashin mota da rana. Zafi ke kumbura batir, ƙurar gibli kuma ta toshe bakin caji. Leda mai ɗaurewa ta isa maganin ƙura.

Ƙaramar waya mai madannai fa? Ni ban raina ta ba. Tana kwanaki ba caji, tana da tocila da rediyo, ta faɗi a ƙasa a ɗauka a kakkaɓe. Itel da Tecno, waɗanda kamfani ɗaya ne na Sin, Transsion, ke yin su, yawancinsu na ɗaukar sim biyu da memori. Wasu ƙananan Nokia kuwa ba su da ramin memori sam, a duba kafin a biya. Inda ta gaza shi ne hoto. Makiyayin da zai ɗauki raƙuminsa ko taguwarsa yana son shaidar wutar da ke jikin dabbar ta fito sarai, ta yadda in ta ɓata ko aka yi jayayya a kara, kowa zai gane. Kyamarar ƙaramar waya ba ta yin wannan. A ganina mai hali ya riƙe biyu: ƙarama a aljihu don kira, babba a naɗe cikin kaya don ajiya.

Yanzu maganar bashi, wadda ita ce ta fi damuna. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda bai iya rubutu ba, waya ta sauƙaƙa masa: a naɗi murya da yardar kowa, a faɗi suna, da rana, da adadi, da irin kuɗin, dinari ne ko sefa ko naira, don canji na motsi, dillali da shaidu su ma su yi magana. Amma murya a waya ɗaya tak, ajiya ce a bakin rijiya. Kafin a watse a tura wa shaidu ta Bluetooth, ba ya bukatar rezo. Da ka isa inda akwai intanet, ka tura wa wani amintacce a gida.

Abin da ka ajiye kuma yana iya zama maka sharri. A watan Afrilun 2017 hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta ba da rahoton yadda ake tsare baƙi a Sabha ana tilasta musu kiran 'yan'uwansu su aiko kuɗin fansa. Waya ita ake fara karɓa. Kada ka bar hotunan kuɗi da saƙon cinikin miliyoyi a fili, kada ka rubuta adadi kusa da sunan mutum a jerin lambobi. Memorin lissafi ka cire shi, ka ɗinke a wani wuri dabam.

Na ƙarshe, masu canja sim a iyaka, wanda 'yan Nijar ke ce wa pis, Larabawan nan kuma shafra. WhatsApp ɗinka yana ɗaure ne da lambar da ka buɗe shi da ita. Ko ka sa sabon layi zai ci gaba da aiki, amma ranar da waya ta ɓata, tsohuwar lambar za a aika wa lambobin shiga. In ka bar ta ta mutu kamfani ya ba wani, abokan cinikinka da shi za su riƙa magana. Ka riƙa sa mata kuɗi lokaci-lokaci, ko da ɗan kaɗan ne.