TUN RAN GINI, RAN ZANE: HAƘƘINMU KAFIN A FARA HAƘAR MAI

Jawabin da sakataren ƙungiya ya gabatar a taron wata-wata, Abuja

 

Yau za mu yi magana ne a kan binciken muhalli da doka ta ce a yi kafin a fara neman man fetur ko iskar gas a ƙasar jama'a. Wani zai ce ina ruwanmu, mu da ke zaune a Abuja? To, abin ya zo ƙofar gida. A watan Nuwamba na 2022 aka ƙaddamar da aikin mai na Kolmani, tsakanin Alkaleri ta Jihar Bauci da Akko ta Jihar Gombe. A watan Maris na 2023 kuma kamfanin NNPC ya fara haƙa rijiyar Ebenyi a ƙaramar hukumar Obi ta Jihar Nasarawa, maƙwabciyarmu. Da yawanmu muna da gonaki ko dangi a waɗannan wurare.

Dokar ita ce mai lamba 86 ta shekarar 1992, wadda aka kafa bayan an jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko a 1988. Ta hana fara babban aiki irin na mai sai an auna illar da zai yi. Masana kan ɗebi ruwan rijiya da na rafi da ƙasar gona, a damina da kuma rani, su auna iska, su ƙidaya gonaki, itatuwa, burtali da maƙabartu. Sai a miƙa rahoto ga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, ita kuma ta baje shi tsawon kwana 21 na aiki, har da sakatariyar ƙaramar hukuma, domin kowa ya karanta ya kawo ƙorafi.

Jama'a, amfanin wannan bincike shi ne shaida. Idan ba a rubuta yadda ruwanmu yake kafin aiki ba, ranar da ya gurɓace da me za mu kai ƙara? Kamfani zai ce haka ya tarar da shi. Mu dubi 'yan'uwanmu na Neja Delta. An sami mai a Oloibiri a 1956, shekara 36 kafin wannan doka. Da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta binciki ƙasar Ogoni, rahotonta na 2011 ya nuna mutanen Ogale na shan ruwa mai sinadarin da ke jawo ciwon daji fiye da ninki 900 na ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma gyaran zai ci shekara 25 zuwa 30. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya fi damunmu shi ne kada a ce mu baƙi ne, a yi shawara da 'yan asalin gari kawai. Ba mu manta da rusau na 2003 zuwa 2007 a nan Abuja ba, lokacin da aka bambanta ɗan asali da mai zaman ci-rani. Amma wannan doka jama'a ta ambata, ba ta tambayi asalin kowa ba. Wanda ke shan ruwan rijiyar, ko yake noma filin, yana da bakin magana. Wannan ba faɗa ba ne da masu masaukinmu, domin gurɓataccen ruwa ba ya tambayar ƙabila. Tare da su za mu tsaya.

Don haka muna ba da shawara huɗu. Na ɗaya, idan masu awo suka shigo, a tambaye su takardar amincewar Ma'aikatar Muhalli cikin mutunci, a kuma sanar da mai unguwa. Na biyu, kowa ya ɗauki hoton gonarsa da rijiyarsa da kwanan wata, ya rubuta yawan itatuwansa, domin Dokar Filaye ta 1978 diyyar amfanin gona da gine-gine take biya, ban da ƙasar kanta. Na uku, kada a dangwala yatsa a takardar da ba a karanta mana ba. Rahoton da Turanci yake zuwa, saboda haka mu da muka ratsa ajin yaƙi da jahilci mu zauna da 'ya'yanmu 'yan makaranta su fassara mana, mu kai ƙorafi a rubuce kafin kwana 21 su cika, mu kuma riƙe kwafi mai hatimi. Na huɗu, Dokar Masana'antar Mai ta 2021 ta wajabta wa kamfani zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsa na shekara a asusun al'ummar da ke masaukinsa. Mu nemi a sa unguwanninmu a lissafi tun farko.

Ba ma ƙin ci gaba. Muna son a sami man, a kuma bar mana ruwan sha. Duk mai gona a Nasarawa, Bauci ko Gombe ya ba sakatare sunan ƙauyen kafin ya tafi.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya tsare mana haƙƙinmu.