Hular Fitila: Inda Muka Sa Rancen Bara

 

An ce mu 'yan rukunin kayan ɗaki mu faɗi abin da muka yi da rancen bara. To, a hular fitila muka sa shi, wato murfin nan da ake kifa wa ƙwan lantarki. Mun ji ana dariya a baya can. Ba komai, mu ma mun yi.

Yawancinmu da girmanmu muka shiga ajin yaƙi da jahilci. Malama takan ba da aikin gida, 'yar kasuwa kuwa ba ta samun riƙe fensir sai bayan isha'i. Ga ƙwai tsirara a rataye tsakiyar ɗaki, haske na dukan ido, inuwar kanki ta rufe littafin. Ɗan lanƙwasan nan da ya raba "kafa" da "ƙafa" ma ba kya ganinsa. Sai wata cikinmu ta huda gindin tsohuwar ƙwarya, aka zura mata waya, aka sauko da ƙwan kusa da tabarma. Haske ya taru kan takarda, ido ya huta. Daga nan muka gane cewa siffar hula ce ke gaya wa haske inda zai faɗi.

Akwai mai faɗin ƙasa da tsukakken sama, kamar malafa. Ita ce ke zubo haske ƙasa, don haka ita muke ba mai karatu, da mai ɗinki, da mai tsintar wake da dare. Sai dai yankanta da wuya, domin ƙyallen a lanƙwashe yake fita. Mun ɓata yadi ba kaɗan ba kafin mu koyi fara fitar da samfurin a takardar buhun siminti.

Akwai mai siffar ganga, sama da ƙasa faɗi ɗaya. Wannan tana raba haske biyu, rabi ƙasa, rabi sama, kuma in silin ɗakin fari ne sai ya maido shi ko'ina. Ta falo ce, inda ake hira. Ita ta fi sauƙi ga mai koyo: zoben waya biyu daidai da juna, ƙyalle miƙaƙƙe guda, shi ke nan.

Amare kuwa mai siffar ƙararrawa suke so, wadda aka yi wa leshi da geza. Tana da kyau ranar jere, ba mu musa ba. Amma ku bari hunturu ya shigo ku ga ƙurar da gezar nan ke kwasa. Mukan gaya wa uwar amarya gaskiya, in ta nace mu sayar mata.

Ta ƙwarya mai huda-huda, wadda ke watsa zane a bango, ado ce kawai. Kada a saya wa ɗan makaranta.

Sai launi. Mun taɓa yin wasu da rinin Ƙofar Mata, shuɗi mai kyau, muna murna. Da aka kunna, ɗakin ya zama kamar an ɗauke wuta. Ƙyalle mai duhu shanye haske yake yi. Yanzu ko atamfa ce daga Kantin Kwari, ko ragowar da muke karɓa wurin teloli, sai mun yi mata shafi da farin yadi ta ciki.

Akwai abin da ba za mu ɓoye muku ba, tunda kuɗinku ne. Wata hula da muka sayar ta babbake a ɗakin amarya, saura kaɗan ta kama labule. Tsohon ƙwai mai wat 60 aka sa mata, irin wanda yawancin wutar da yake ci zafi take zama, mu kuma mun matse saman hular. Laifinmu ne. Mun maida kuɗi, mun je mun ba da haƙuri, mun yi mako ba mu taɓa allura ba. Tun daga ranar ba ma sayar da hula sai da ƙwan LED a ciki. Mai wat 9 yana ba da haske kusan na wancan mai 60, kuma ba ya zafi irin nasa. Muna barin sama a buɗe don iska ta fita, da tazarar akalla yatsu uku tsakanin ƙwai da ƙyalle. Kuma don Allah, kada a kifa ta a kan fitilar ƙwai, ko aci-bal-bal, ko kyandir. Wannan gargaɗin muna rubuta shi a 'yar takarda mu liƙa wa kowace hula, da hannunmu, ba mu sa yaro ya rubuta mana.

Hajiya, rance saura zubi ɗaya mu gama. Abin da ke riƙe mu yanzu zoben waya ne: mai walda yakan yi mana shi a karkace, hular ta zauna a gicciye. In akwai wadda mijinta ko ɗanta ya iya aikin, a haɗa mu. Muna kuma neman masu saƙar kaba da faifai, domin masu saye sun fara tambaya.

Samfuran suna kan tebur bakin ƙofa, an jona musu wuta, ku kunna ku gani. Littafin rajista na gefe, da biro.