SAKI A ISA, 'YA'YA A MARAƊI: WA KE DA HAƘƘIN RENO?

Wannan bayani ne da wani malami ya gabatar a wajen karatun Risala da ake yi bayan Magariba a garin Isa, sakamakon wata tambaya da 'yan uwa mata suka aiko. Tambayar ita ce: miji ya saki matarsa a nan, ya kwashe yara ya ƙetara da su ƙasar Nijar, mene ne hukunci?

Bayan hamdala da salati, Malam ya fara da tunatar da jama'a cewa Gobir ɗaya ce. Ingila da Faransa ne suka zauna a 1898 da 1904 da 1906 suka ja layi, Sabon Birni ta faɗo nan, Tsibiri ta faɗa can, amma auratayya ba ta tsaya ba. Sai ga bala'in 'yan bindiga, wanda a 2019 ya kora mutane fiye da 40,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi. Gidaje da dama sun rabu biyu, kuma aure da yawa ya mutu a tsakanin nan da can.

Malam ya ce abin da muka saba, wato da an yaye yaro uba ya aiko a ɗauke shi, al'ada ce kawai. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a nan da can, reno haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwar ta yi wani aure, renon ya koma ga kakar yaro ta wajen uwa, sannan 'yar uwar uwa. Uba yana can baya a layi, amma ci da sha da sutura a wuyansa suke, ko yaran suna ina.

Sai ya zo kan maganar tafiya, inda ya daɗe. Ya ce Muhtasar na Shehu Halil ya ba uba damar ya tafi da ɗansa idan ƙaura zai yi ta zama, kuma nisan ya kai burudi 6, wato ya zarce nisan ƙasaru wanda burudi 4 ne. Ya ja hankalin masu sauraro cewa fiƙihu nisa yake aunawa, bai san layin Nasara ba. Wanda ya tashi daga Sabon Birni ya koma Gidan Rumji bai yi tafiyar da za ta sauke haƙƙin uwa ba, ko da ya canja ƙasa. Wanda ya koma Legas kuwa ya yi ta, alhali bai fita Nijeriya ba.

Akwai kuma sharaɗin da masu ƙwace yara ba sa son ji: dole hanya ta zama mai aminci, haka ma inda za a. Malam ya tambaya, wace hanya ce yau mai aminci a gabashin Sakkwato? Ya tuna wa jama'a matafiyan da aka ƙona cikin mota a Disambar 2021 a hanyar Sabon Birni zuwa Isa. Amma ya ce hujjar tana iya juyawa: idan uwa ce ke zaune a ƙauyen da ake kai wa hari, uba kuma ya samu mafaka, to alƙali zai duba tsaron ran yaro, domin aminci sharaɗi ne a kan mai reno ma.

Dangane da hukuma, ya ce a nan kotun shari'a ce ke yanke irin wannan, kuma ana ɗaukaka ƙara zuwa Sakkwato. A Nijar babu dokar iyali guda, alƙalin gwamnati yakan zauna da masana al'ada ya yi hukunci. Takardar alƙalin Isa ba ta zartuwa a Maraɗi sai kotun can ta duba ta amince. Ƙasashen duniya suna da yarjejeniyar Hague ta 1980 ta mayar da yaran da aka gudu da su, amma Nijeriya da Nijar duk ba su shiga ba. Ga rufe iyaka, daga 2019 zuwa 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris 2024, lokacin da uwa ba ta da halin ko zuwa ganin ɗanta ta hanyar hukuma.

Saboda haka ya shawarci waliyyai su riƙa karɓar takardar saki mai shaidu biyu, a rubuta wanda zai riƙe yara da abin da uba zai riƙa bayarwa, a kuma yi wa kowane yaro takardar haihuwa. Ita mai tambaya kuwa, ya ce ta fara samun hukuncin alƙali a nan, sannan waliyyinta ya ɗauki takardar da shaidu ya je wajen limami da hakimin garin da mijin ya sauka. In sulhu ya ƙi, su shigar da ƙara a kotun can.