Jawabin Ƙaddamar da Littafin Tarihin Gidan De Vere



Littafin da ya tara mu yau ya ɗauko labarin wata sarauta da ta mutu a Ingila, wato Earl na Oksfod. Gidan De Vere ne ya riƙe ta tun 1141, lokacin da Gimbiya Matilda ta naɗa Aubrey de Vere tana neman magoya baya a rikicin gadon mulki. Mutum 20 suka hau ta, duk jini ɗaya. Na uku yana cikin manyan ƙasa 25 da aka ɗora wa tilasta Sarki John cika alkawarin Magna Carta a 1215. Na 13 kuwa shi ya ja gaban rundunar Henry Tudor, mai neman gadon mulkin Ingila, a yaƙin Bosworth, 1485.

Bari in ɗan tsaya kan na 17, Edward. Ya gaji gonaki da ƙauyuka masu yawa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sayarwa don biyan bashi da hidimar zaman fada, har gidan kakanninsa na Hedingham, mai doguwar hasumiyar dutse, ya koma hannun surukinsa Burghley. Ɗan Edward da ya gaje shi ya rasu a 1625 ba magaji. Aka lalubo wani dangi na nesa, Robert, soja a rundunar Holan, wanda ya mutu a yaƙin Maastricht a 1632. A ganina tun nan sarautar ta kwanta ciwon ajali, domin suna ya rage, ƙasar da ke ɗauke da shi ta zube.

A 1703 na 20 ya rasu ya bar 'ya'ya mata, alhali sai ta ɗa namiji ake gadonta. A wajenmu da masu zaɓen sarki sun zauna sun fitar da wani cikin dangi. Can ba haka ba ne. Diana, 'yar na 20 ɗin, ta auri Duke na St Albans, jikokinta suna nan har yau, amma gidan bai sake ganin sarautar ba.

Mai Martaba, iyayenmu hakimai da dagatai, ranku ya daɗe, mun san duk wannan ne domin an rubuta. Akwai sarautun gidaje a ƙasarmu da suka ɓace, sai a bakin tsofaffi da maroƙa kaɗai ake jin su. Ina roƙonku ku buɗe wa ɗalibanmu zaurukanku tun tsofaffin nan suna raye.

Da sunan Allah nake ƙaddamar da wannan littafi.