Wa ake fara kashewa a fim?



Ina yaro a Damagaram, mukan biya dala biyar mu shiga gidan bidiyo mu kalli fina-finan Amurka na makashi mai rufe fuska da wuƙa a hannu. Da baƙar fata ya fito, sai wani daga baya ya ce: "Wannan ba ya kai ƙarshe." Mu fashe da dariya. Sai da na girma na gane kanmu muke wa dariya.

Ku duba Halloween na 1978 da Friday the 13th na 1980: mai tsira budurwa ce farar fata. A Scream 2 na 1997, Jada Pinkett ta fito tana ƙorafin an ware baƙaƙe daga irin waɗannan fina-finai, kuma ita da saurayinta aka fara kashewa. A Candyman na 1992, makashin baƙi ne, unguwar ta talakawan Chicago ce, amma ta idon baturiya ake ba da labarin.

Sai a 2021 Nia DaCosta ta sake shi, ta mai da labarin hannun baƙaƙe. Ita ce baƙar mace ta farko da fim ɗinta ya buɗe a matsayi na ɗaya a sinimomin Amurka.

Wato mai riƙe kamara shi ke zaɓen wanda za a yi wa kuka. To namu fina-finan fa? Ɗan ƙauye da gurgu da mai aikin gida, sau nawa ake ba su suna da iyali, sau nawa ake fito da su don a yi dariya kawai? In kun zauna kallo daren yau, ku ƙirga.